Darasun Takardar Magani

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya saukar da cuta ya saukar da maganinta, tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, duk wanda ya yi zaman tsangaya ya san ba a sakin allon gardi sai an kai shi darasu, alaramma ya bi shi baƙi da wasali. Ko gwanin da ya rubuta Alƙur'ani sau goma, in ya gama sai ya miƙa wa waɗansu mahaddata su duba, kuma ba wanda ya taɓa cewa wannan raini ne ga gwani. Abin da ya sa, hannu yakan zarce, ido kuwa ba ya ganin kuskuren kansa.

To, a asibiti ma akwai darasu, ko da yake jama'a da yawa ba su san da shi ba. Likita ya duba majiyyaci ya rubuta takardar magani, a kai ta ɗakin magani. Wanda ke zaune bayan tagar nan, watau masanin haɗa magunguna, mutane sun ɗauke shi mai ƙirga ƙwayoyi kurum. Alhali kuwa babban aikinsa shi ne ya karanta takardar nan da idon alaramma kafin ya miƙa kome, kuma koya masa wannan dubawa shi ne abin da ya kamata asibitoci su ba ƙarfi.

Musulmi ba baƙi ba ne ga wannan al'amari. A Bagadaza, cikin shekarar 931 ta Miladiyya, wani mutum ya mutu ta dalilin kuskuren mai magani, sai Halifa Muƙtadir ya umurci Sinanu ɗan Sabitu ya jarraba likitocin birnin, kada kowa ya yi magani sai wanda aka ba izini. A biranen Musulunci na wancan zamani muhtasibi yakan zaga rumfunan masu sayar da magani yana duba ma'auninsu da hajarsu. Malaman fiƙihu kuma sun tabbatar cewa wanda ya yi wa mutum magani ba da sani ba, ya halaka shi, akwai lamuni a kansa.

A zamanin nan, tun cikin shekarun 1960 aka fara a Amurka fitar da masu haɗa magani daga ɗakinsu, suna zagaya majiyyata tare da likitoci. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi shela ga ƙasashe su rage mummunar cutarwar da kuskuren magani ke jawowa da rabi cikin shekara 5, ta kuma ƙiyasta hasarar da kuskuren ke jawo wa duniya ta kai dala biliyan 42 kowace shekara. A Nijeriya, tun zamanin Turawa akwai makarantar koyon haɗa magani a Zariya, daga baya karatun ya shiga Jami'ar Ahmadu Bello wadda aka kafa a 1962. Ɗalibi yakan yi shekara 5 ko 6 yana karatu, sa'an nan ya yi shekara guda ƙarƙashin wani babba kafin a ba shi izini. Hukumar da ke kula da sana'ar, wadda aka sabunta dokarta a 2022, tana neman mai izini ya riƙa komawa ƙaro sani.

Farkon abin da ake koya masa shi ne ya tabbatar takardar ta mai ita ce, gama Musa biyu suna iya kwanciya a ɗaki ɗaya. Daga nan sai awo. Maganin yaro da nauyinsa ake auna shi. Farasitamol, alal misali, miligiram 10 zuwa 15 ake ba kowane kilo, watau yaro mai kilo 10 ba zai wuce 150 a sha ɗaya ba, in aka yi ta ba shi na babba hantarsa ce za ta biya. Mai karatun ajami ya san ɗigo guda ke raba ba da nun. Haka nan in likita ya rubuta 1.0 ɗigon bai fito ba, sai a karanta 10, awo ya ninka sau goma. Akwai kuma magunguna masu kamancin suna: kulofurofamaid na ciwon sukari ne, kulofuromazin na taɓin hankali, in rubutu ya cakuɗe sai a ba da wannan a maimakon wancan.

Sa'an nan ana koya masa magungunan da ba sa zama inuwa ɗaya. Mai shan wafarin domin tsinka jini, in aka haɗa masa da asfirin, jini na iya ɓalle masa a ciki. Rifamfisin na tarin fuka yana kashe ƙarfin magunguna da dama. Tetarasaikilin in aka sha shi da nono ba ya shiga jiki yadda ya kamata. Bayan wannan sai halin majiyyacin kansa. Mai juna biyu ba a ba ta lisinofiril na hawan jini, mai raunin ƙoda ana rage masa allurar jentamaisin, wanda kuwa jikinsa ya taɓa ƙin fanisilin ba a sake ba shi. Mai ciwon sukari da ke shan gilibenkilamid, in ya ɗauki azumin Ramalana ba a gyara masa awo da lokacin sha ba, sukarinsa na iya faɗuwa ya suma da rana tsaka.

Yadda ake horon kuwa, akan kawo takardun da aka dasa wa kuskure da gangan, a ce ɗalibi ya tono shi, kamar yadda malami kan karanta aya da tuntuɓe don ya ga ko almajiri zai farga. Akan kuma sa shi ya bi likitoci zagayen safe, ya karanta sakamakon gwajin jini, ya rubuta kowane kuskuren da aka tare domin a san inda aka fi zamewa. Mafi wuya duka shi ne ladabin gyara. Ba shi da ikon sauya abin da likita ya rubuta da kansa, sai ya koma masa ya kawo hujja cikin girmamawa. Yaro ɗan shekara 25 ya tsai da takardar babban likita, wannan yana bukatar zuciya, likitan kuma yana bukatar tawali'u irin na limamin da mamu ya yi masa gyara cikin salla ya karɓa.

Saura hakkin jama'a. Ɗan kasuwa ba ya jin haushin yaron shagonsa in ya sake ƙirga kuɗi, to don me zai buga taga yana faɗa don an tsaya duba abin da zai shiga cikinsa? Gaggawa aikin Shaiɗan ce. In an tambayi mutum abin da yake sha, ya faɗi gaskiya duka, har da jiƙo da saiwa da abin da ya saya a kemis ko wurin mai talla a tasha, gama wanda ya ɓoye wa mai duba rabin labari ya ɗaure masa hannu. Mace ta faɗi in tana da ciki ko tana shayarwa, mai niyyar azumi ya faɗa tun Sha'aban. Kada kuma a ɗauki tsohuwar takardar maƙwabci a je a sayi magani da ita don ciwon ya yi kama.

Shugabannin asibitoci su ma da nasu. Mutum ɗaya da aka bar wa layin majiyyata tun hantsi har la'asar ba zai iya darasu ba, ƙirga kawai zai yi. Wajibi ne a ƙara hannu, a ba su lokacin ƙaro ilmi, a bar su su ga katin majiyyaci, kada kuma a tsangwami wanda ya tare kuskure. Malamai kuwa su faɗakar a wurin wa'azi, attajirai masu neman sadaka mai gudana su tuna cewa ɗaukar nauyin karatun irin waɗannan yara yana cikinta.

Allah ya ba majiyyata lafiya, ya kiyaye hannun masu rubutu da idon masu dubawa, amin. Allah shi ne mafi sani.