Sabon Maigadi A Ƙofar Kwamfuta: Sai An Yi Masa Bayani Dalla-Dalla

Duk wanda ya taɓa aikin gadi a Ikko ko Badun ya san cewa rabin aikin yana ga bayanin da maigida ya yi masa tun ranar farko. In an ce kada ya bar kowa ya shigo, to, likitan da aka kira da tsakar dare fa? Irin wannan matsala ce ta taso yanzu a ofisoshin kwamfuta na ƙasashen duniya.

Kowane banki ko kamfani mai hulɗa da intanet yana da katangar tsaro, watau na'ura ko manhaja da ke tsaye tsakanin kwamfutocinsa da sauran duniya, kamar ganuwar Kano da ƙofofinta. Ƙofofin nan lamba gare su. Ta lamba 443 masu ziyartar shafin kamfani ke shiga, lamba 22 kuwa ta injiniyoyin da ke gyara daga nesa ce. Katangar tana da jerin dokoki, kuma galibi daga sama take karantawa zuwa ƙasa. Dokar farko da ta dace da mai zuwa ita ke aiki, ba a ko duba sauran.

A da injiniyoyi kaɗai ke taɓa waɗannan dokoki, amma yanzu an fara ɗora aikin a kan wakilan kwamfuta masu ƙirƙirarriyar basira. Shi wakilin ba ya ganin katanga. Kayan aiki ake miƙa masa, kowanne da sunansa da ɗan rubutun da ke faɗin amfaninsa. A watan Nuwamba na 2024 kamfanin Anthropic na Amurka ya fito da tsarin MCP, wanda a kansa ake haɗa irin waɗannan wakilai da kayan aiki. Abin da ke cikin rubutun nan shi ne wakilin ya sani. Abin da aka bari kuwa, sai ya cike da zato.

Ga misali, in bayani ya tsaya a kan "wannan yana ƙara doka", an bar baya da ƙura. Sama za ta zauna ko ƙasa? Dokar hana shiga da aka ajiye a ƙarƙashin dokar ba da izini ba ta hana kowa, alhali wakilin zai kawo rahoto cewa ya rufe ƙofa. Saboda haka sai bayani ya faɗi inda sabuwar doka ke zama, ko masu shigowa ta shafa ko masu fita, sa'an nan ko nan take za ta fara aiki ko sai an tabbatar.

Haka kuma adireshi. Lambar nan 0.0.0.0/0 ma'anarta duniya gaba ɗaya. Wajibi ne a rubuta wannan ƙarara, a kuma ce kada a haɗa ta da ƙofa ta 22 sai da yardar mutum.

Har wa yau, ya kamata kayan dubawa ya zama daban da na sakewa ko gogewa, kowanne da sunan da ba ya rikitarwa, a kuma umurci wakilin ya karanta jerin dokoki kafin ya taɓa kome. Sa'an nan a nuna masa hanyar komawa baya, domin doka guda tana iya kulle injiniyoyin kamfanin kansu a waje. Na'urorin kamfanin Juniper suna da dabarar da ke mai da tsohon saiti bayan minti 10 in ba a tabbatar da sabon ba. In akwai irin wannan, sai bayani ya ambace ta.

Ɓarnar kuskure ba ƙarama ba ce. A 2019, ta hanyar katangar da ba a saita daidai ba, aka kwashe bayanan mutane kimanin miliyan 100 a Amurka daga bankin Capital One, kuma a 2020 hukuma ta ci bankin tarar dala miliyan 80. Wannan kuskuren 'yan Adam ne. To, ina ga wakilin da ke iya sake dokoki da yawa kafin mutum ya gama shan shayi?

Mai ajiya a banki da mai aika kuɗi gida ta waya, duka a bayan wannan katanga dukiyarsu take kwana. Maigadin da aka yi wa bayani rabi da rabi, in ɓarawo ya shiga, laifin na maigida ne.