Bayanin Maɓallin Jan Kaya Na Motar A-Kori-Kura

A ƙasar Amurka a-kori-kura ba 'yar ƙaramar mota ba ce irin wadda muka saba gani tana dakon buhuna a bakin kasuwa. Tasu ƙatuwa ce, kuma ba a bayanta kaɗai su ke ɗora kaya ba, su kan ƙulla mata tirela ta ja. Wani ya sa dawaki ciki, wani kwalekwale, wani kuwa ɗaki sukutum mai tayoyi. Galibin motocin nan otomatik ne, watau ba su da kuloci na takawa, giya ita ke canza kanta. To, a jikin sandar giya, ko kusa da ita, akwai wani ɗan maɓalli da aka rubuta wa Tow/Haul, ma'anarsa ja da dako. Mu za mu kira shi maɓallin jan kaya. Mutane da yawa suna tsammani in an danna shi ƙarfin inji ke ƙaruwa. Ba haka ba ne. Ko ƙarfin jaki guda ba ya ƙarawa, balle na doki. Aikinsa shi ne ya sake wa giya hali, domin ya tsare mota daga zafi, gama zafi shi ne babban magabcin mota mai jan kaya.

Mu fara tuna abin da giya ke yi. Wanda ya taɓa hawan tudu bisa keke mai giya ya sani, in ya sa ƙaramar giya ƙafafunsa su yi ta juyi da sauri, keke na tafiya sannu, amma hawan ya yi sauƙi. Haka mota ta ke. Mu ɗauki akwatin giya mai hawa 4 wanda kamfanin General Motors ya sa wa Chevrolet Silverado ta 1999, wadda tana cikin na farkon da suka zo da wannan maɓalli. A giya ta 1 inji ya kan yi juyi 3 da ɗan ɗoriya kafin sandar da ke kai juyi ga tayoyin baya ta yi guda. A ta 3 kunnen doki su ke yi. A ta 4 kuwa sandar ta fi inji sauri, in ya yi 7 ta yi 10. Ta 1 ke da ƙarfin ja, ta 4 ke da tsimin mai. Tun 2017 akwai a-kori-kurar Ford mai giya 10, amma dabarar duk ɗaya ce.

A gurbin kuloci, mota otomatik tana da wata rufaffiyar tukunyar ƙarfe cike da man giya. Cikinta da faifai biyu masu fikafikai suna fuskantar juna, ba su taɓa juna ba. (Akwai na uku ƙarami a tsakiya, amma ba shi ne maganarmu yau ba.) Ɗaya inji ke juya shi, ɗayan yana haɗe da giya. Na inji ya kaɗa mai, man ya bugi fikafikan ɗan'uwansa ya juya shi. Ku zuba ruwa a ƙwarya, ku jefa guntun kara ciki, ku dama da ludayi. Karan zai bi ruwa yana zagaye ko da ya ke ludayin bai taɓa shi ba. Amma ku lura, kullum karan a baya ya ke, ba ya cim ma ludayi. Ƙarfin da ya zube a wannan rata zafi ya ke zama, kamar yadda tafin hannu ke yin ɗumi in an murza shi da hunturu. Man giya kuwa ya fi jin daɗin aiki wajen awo 80 zuwa 90 na ma'aunin Salsiyas. In ya haura 120 ya daɗe can, sai ya soma ƙuna, ya yi baƙi, faifan kulocin da ke cikin akwatin giya su shiga cinyewa. Saboda haka maƙera suka sa wani kuloci cikin tukunyar, mai kulle faifan nan biyu su zama abu guda in tafiya ta miƙa.

Mai zaɓen giya wata 'yar kwamfuta ce. Tana duban saurin mota, da juyin inji, da yadda direba ya taka totur. Halinta na kullum rowa, ba abin da ta ke so sai tsimin mai, don haka da ta sami zarafi sai ta haye giya ta sama. In mota ba kaya wannan daidai ne. Amma a ce ga tirela mai nauyin tan 3 a baya, ga tudu. Mota ta gaza a ta 4, kwamfuta ta sauko ta 3. Mota ta ɗan farfaɗo, kwamfuta ta ce ai an gama, ta koma ta 4. Mota ta sake gazawa. Haka za a yi ta kai da kawowa har ƙarshen tudun, kuma ko wane canji sai faifai sun goga, galibi kulocin tukunya ma sai ya saki, mai na ƙara zafi.

Da an danna maɓallin sai wata 'yar fitila ta kama a gaban direba, kwamfutar ta ajiye tsarinta na rowa ta ɗauki wani. Yanzu ta kan riƙe ko wace giya ta daɗe, sai inji ya yi juyi sosai kana ta hau ta gaba, don kada ya faɗa inda ba shi da ƙarfi. A motoci da yawa ta kan ƙara matsin mai, faifai su kama farat ɗaya ba dogon gugar juna, shi ya sa direba ke jin canjin da ɗan fizga. Kulocin tukunya kuma ya fi zama a kulle. Ƙarar inji za ta ɗaga, amma wannan ba alamar ciwo ba ce.

Mu a ganinmu amfanin maɓallin mafi girma a gangare ya ke. In giya ta lalace a hawa, asarar kuɗi ce. In birki ya ƙi a gangare, maganar rai ce, kuma duk wanda ya taɓa sauka Hawan Kibo cikin mota mai lodi ya san abin da mu ke nufi. Birki ba ya tsai da mota sai ta hanyar guga, guga kuwa zafi ce. Direban da ya ɗora ƙafa bisa birki tun daga ƙwanƙolin dutse, tirela na tunkuɗarsa ta baya, zai gasa birkinsa har ya rage kamu. Man birkin ma yana iya tafasa. Irin wanda a ke kira DOT 3, yana sabo ba ya tafasa ƙasa da awo 205, amma in ya tsufa ya sha danshi 140 kaɗai a ke lamunce masa. In ya tafasa ya yi kumfa, a taka birki ya tafi ƙasa laƙwas.

Tsofaffin direbobin manyan motoci sun san maganin tun da daɗewa, su kan sa ƙaramar giya tun kafin su soma sauka, inji ya riƙe mota. Maɓallin jan kaya wannan dabara ya ke koya wa kwamfuta. In ta ga an saki totur, an taɓa birki, sauri kuwa bai ragu ba, sai ta sauko da giya da kanta. Sa'an nan tayoyi ne ke juya inji, shi kuma yana turjiya, gama a injin fetur ƙofar iska a tsuke ta ke, kamar mai zuƙar ruwa ta toshasshen kara. Injin dizal ba ya turjiya irin wannan, shi ya sa a ke haɗa masa wata na'ura mai tsuke hanyar hayaƙi. Amma fa ba a fafe gora ranar tafiya, tun kafin gangare a ke dannawa.

Ba ko yaushe a ke bukatarsa ba. General Motors ya ce ya fi amfani in nauyin mota da tirela ya kai kashi 75 cikin 100 na iyakar da aka yanka mata. In ba kaya, sai shan mai da ƙara kawai. Bisa hanya mai santsi kuwa Ford ya yi gargaɗi a bar shi, domin saukowar giya ba zato tana iya sa tayoyin baya su zame, mota ta juya. Ba ya kuma ɗaga iyakar nauyin nan ko da kilo guda, ba ya zama madadin birkin tirela. Sa'an nan a yawancin motocin ya kan mutu da zarar an kashe inji. Wanda ya tsaya shan mai ko salla, in ya tashi mota sai ya sake dannawa, ya duba ko fitilar ta kama.