Shin Da Gaske Ne Lantarki Na Ƙara Kaifin Ƙwaƙwalwa?

A YouTube da shagunan intanet ana tallar wasu na'urori da ake ɗaurawa a kai, wai suna ƙara basira su kuma kori barci. Fasahar da ke bayansu ana kiranta tDCS.

Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da saƙon lantarki suke magana da junansu. Na'urar tana tura wuta 'yar kaɗan, miliamfa 1 zuwa 2, ta wasu soso biyu da aka jiƙa da ruwan gishiri aka manna a fatar kai, na kimanin minti 20. Wutar ba ta tilasta wa ƙwayoyin aiki, sai dai ta sauƙaƙa musu tura saƙo, ko ta sa ya yi musu wuya. Michael Nitsche da Walter Paulus na jami'ar Göttingen a Jamus ne suka farfaɗo da wannan hanya a shekarar 2000.

A 2014, masu bincike na rundunar sojin saman Amurka suka gwada ta a kan mutanen da aka hana barci na awa 30. Waɗanda aka sa wa wutar sun fi daɗewa a farke da hankalinsu a kan aiki, fiye da waɗanda aka ba kafin, sinadarin da ke cikin kofi da goro. A 2019 kuma, a jami'ar Boston, minti 25 na wata irin wutar mai kaiwa da komowa ya sa tsofaffi masu shekara 60 zuwa 76 suka kamo matasa a gwajin riƙe bayani. Sai dai na minti 50 kacal aka bibiyi tasirin.

A ɗaya ɓangaren, masana a jami'ar Melbourne sun tattara gwaje-gwaje da dama a 2015, ba su ga tabbataccen amfani ga lafiyayyen mutum daga zama ɗaya ba. Wani gwaji a jami'ar Leiden ma ya nuna cewa na'urar da ake sayar wa masu buga gem ta rage musu ƙarfin riƙe bayani.

Shi ya sa a 2016 masana 39 suka fitar da gargaɗi ga masu haɗa tasu a gida da batir mai bolt 9. Wutar na iya ƙona fata, tana kuma ratsa sassan da ba a nufa ba, ga shi ƙwaƙwalwar matashi ba ta gama girma sai ya haura shekara 20. Waya in ta lalace a kai ta wurin mai gyara. Ƙwaƙwalwa ba ta da sifiya. Ɗalibin da jarrabawa ta matso, isasshen barci ya fi masa wannan na'ura.