2.4 Ƙara Ƙarfin Haske Wajen Ganin RNA a Cikin Ƙwayar Halitta Mai Rai

A wannan sashe za a dubi yadda masana suke ƙara ƙarfin haske domin ganin RNA alhali ƙwayar halitta tana raye. Matsalar ita ce, idan aka liƙa wa RNA ɗigon haske guda ɗaya tak, hasken da ita kanta ƙwayar halittar take fitarwa yakan rinjaye shi, sai ya ɓace wa mai dubawa.

Hanyar da ta fi shahara ita ce ta MS2, wadda Bertrand da Singer da abokan aikinsu suka gabatar a shekarar 1998, inda suka bi sawun RNA mai suna ASH1 a cikin yisti. Shi MS2 wani bairos ne da ke kama bakteriya, kuma furotin ɗin rigarsa yana manne wa wata lanƙwasa ta musamman a jikin RNA. Saboda haka sai a jera irin wannan lanƙwasa, galibi guda 24, a wutsiyar RNA da ake son gani, sannan a haɗa furotin ɗin da GFP, wato furotin mai bayar da koren haske. Kowace lanƙwasa tana ɗaukar furotin biyu, ke nan RNA ɗaya zai iya ɗaukar GFP har 48.

Akwai kuma SunTag ta 2014, wadda ke tara GFP masu yawa a jikin furotin ɗaya. An yi amfani da ita wajen ganin lokacin da RNA ke sarrafa furotin.

Sai dai a nan ne gizo ke saƙa. Duk abin da aka ƙara wa RNA domin ya yi haske, kaya ne aka ɗora masa. A shekarar 2015 Garcia da Parker suka nuna cewa a cikin yisti waɗannan lanƙwasoshi suna hana sinadarin Xrn1 ya ƙarasa narkar da RNA, ta yadda gutsuren da ya rage zai ci gaba da haske, mai bincike kuwa ya ɗauka cikakken RNA yake gani. Wannan ne ya sa Tutucci da abokan aikinta suka fito da MBSV6 a 2018, wadda manninta bai kai na farko ƙarfi ba. A ganin wannan nazari, ya kamata a riƙa gwada sakamakon MS2 da na hanyar smFISH, wadda ake yi a ƙwayar halittar da aka daskarar, kafin a amince da shi.