Cigiya: Ɗaliban da Har Yau Ba Su Amsa Kiran Suna Ba

Kullum da safe idan malamin aji ya buɗe rajista ya fara kiran suna, ba wanda ke ɗaukar abin da wani nauyi. A kira ka, ka amsa, a wuce na gaba. To amma a ce yau an kira sunan wanda kuke zama benci ɗaya, aka ji shiru. Gobe ma shiru. Zango ya ƙare, wani ya shigo, kun yi jarrabawar fita, har kun fara aure da haihuwa, shi kuwa babu labarinsa. Ba a ce ya rasu ba balle a yi masa addu'a a haƙura, ba a kuma ce ga inda yake ba balle a je a gan shi.

Wannan ba tatsuniya ba ce. Halin da dubban gidaje ke ciki ke nan a ƙasar nan. A shekarar 2022 ƙungiyar agaji ta ƙasa da ƙasa ta Red Cross, wato ICRC, ta ce mutanen da aka kai mata cigiyarsu a Najeriya sun haura 25,000, kuma kusan 14,000 daga cikinsu yara ne a lokacin da suka ɓata. Wannan adadin na waɗanda danginsu suka samu damar kai rahoto ne kawai.

Daren Chibok

A daren 14 ga Afrilun 2014, 'yan matan makarantar sakandaren gwamnati ta Chibok a jihar Borno suna kwance a ɗakunan kwanansu. Yawancinsu 'yan ajin ƙarshe ne, masu shekara 16 zuwa 18, kuma jarrabawar WAEC ce ta dawo da su makaranta a lokacin da aka rufe makarantu da yawa a jihar saboda rashin tsaro. Cikin dare mayaƙan Boko Haram suka shigo, suka ce musu su sojoji ne da suka zo kare su. Suka tattara su, suka cinna wa gine-ginen makarantar wuta, suka zuba su a manyan motoci, suka nufi dajin Sambisa.

'Yan mata 276 aka kwashe a daren. Daga cikinsu 57 sun tsere tun da wuri, wasu ta hanyar dirowa daga mota tana cikin tafiya. Saura 219.

Labarin ya zagaye duniya. A Abuja, masu fafutikar #BringBackOurGirls, irin su Oby Ezekwesili da Hadiza Bala Usman da Aisha Yesufu, suka riƙa zama a dandalin Unity Fountain suna kiran a dawo da yaran. Har Michelle Obama, matar shugaban Amurka na lokacin, ta ɗaga allo mai ɗauke da wannan kira. Duk da haka sai a watan Mayun 2016, bayan shekara biyu cur, aka ga ta farko daga cikin 219 ɗin a bakin daji, goye da jaririya. A watan Oktoban shekarar aka sako 21, bayan wata tattaunawa da gwamnatin Suwizalan da ICRC suka shiga tsakani. A watan Mayun 2017 aka sako wasu 82, gwamnati kuma ta saki wasu mayaƙan ƙungiyar da take tsare da su. Daga nan sai ɗai-ɗai. Ko a watan Afrilun 2024 sojoji sun sanar da ceto ɗaya tare da 'ya'yanta uku.

A ranar da aka cika shekara goma da sace su, fiye da 80 ba su dawo ba. Wasu daga cikin waɗanda suka kuɓuta sun koma karatu, har da waɗanda suka shiga Jami'ar Amurka da ke Yola. Iyaye da dama kuwa sun bar duniya ba su sake sa 'ya'yansu a ido ba.

Dapchi da Damasak

Ranar 19 ga Fabrairun 2018 aka sake irin wannan ta'asa a makarantar 'yan mata ta kimiyya da fasaha da ke Dapchi a jihar Yobe, inda aka kwashe ɗalibai 110. Bayan wata ɗaya, ranar 21 ga Maris, maharan da kansu suka dawo da fiye da ɗari cikin garin. Biyar sun rasu a hannunsu. Ɗaya aka riƙe, Leah Sharibu, wadda take da shekara 14 a lokacin. Ƙawayenta da suka dawo sun shaida cewa an riƙe ta ne saboda ta ƙi barin addininta na Kirista. Shekaru sun shuɗe, sa'o'inta sun gama sakandare, iyayenta suna nan suna jira.

Akwai kuma waɗanda duniya ba ta ma ji labarinsu sosai ba. A ƙarshen 2014 Boko Haram ta mamaye garin Damasak da ke kusa da iyakar Nijar, ta tsare ɗaruruwan mata da yara a makarantar firamare ta Zanna Mobarti. Da sojojin Chadi da Nijar suka tunkari garin a watan Maris na 2015, mayaƙan suka gudu da su. Ƙungiyar kare haƙƙin bil'adama ta Human Rights Watch ta ce aƙalla ɗalibai 300 ke cikin waɗanda aka tafi da su. Su ba a ɗaga musu allo a manyan biranen duniya ba, amma kowannensu yana da uwa.

Ɓata ta fi mutuwa ciwo

Haka iyaye ke faɗa. Wanda ya rasu, an wanke shi, an sallace shi, an san kabarinsa, jama'a sun zo gaisuwa, zuciya ta fara sanyi. Wanda ya ɓata kuwa, kullum aka ƙwanƙwasa ƙofa sai gaban uwarsa ya faɗi. Ba ta iya kyautar da kayansa, ba ta iya sauya lambar waya, wata ko gida ba ta yarda ta tashi, don kada ya dawo ya tarar ba kowa. Wata masaniyar zamantakewar iyali a Amurka, Pauline Boss, ta daɗe tana nazarin irin wannan rashi marar tabbas tun shekarun 1970, ta kuma nuna cewa rashin sanin gaskiyar abin da ya faru shi ke hana iyali samun natsuwa.

Shari'a ma ta san da wannan matsala. A fiƙihun Malikiyya ana kiran wanda ya ɓata mafƙudi, kuma matarsa kan jira shekara huɗu bayan ta kai ƙara wajen alƙali an yi bincike, sannan ta yi idda. A dokar shaida ta Najeriya ta 2011, kotu na iya ɗaukar mutum a matsayin wanda ya mutu idan aka shekara bakwai waɗanda ya kamata su ji ɗuriyarsa ba su ji ba. Amma hukuncin kotu daban, zuciyar uwa daban.

Me ke sa cigiya ta daɗe?

Ba duk wanda ya ɓata ne 'yan bindiga suka ɗauke ba. Wani an yaudare shi da alƙawarin aiki a Legas ko Libiya. Wata ta tafi ganin wanda suka haɗu a Facebook ko TikTok, ba ta gaya wa kowa ba. Wani ya faɗi jarrabawa ko an yi masa faɗa a gida, ya yi fushi ya hau mota. Wasu kuma gudun hijira ne ya raba su da iyayensu, uwa ta faɗa Diffa a Nijar, ɗa ya tsinci kansa a sansanin Minawao a Kamaru.

Abu na farko da ke ɓata bincike shi ne jinkiri. Sai a ce a bari zuwa gobe, ƙila yana gidan kawunsa. Kafin goben, motar da ta ɗauke shi ta ƙetare jihohi uku. Na biyu kunya, musamman idan budurwa ce. Sai iyali su rufe maganar don gudun bakin mutane, alhali mai satar shirun nan yake so. Na uku rashin shaida: yara da yawa ba su da takardar haihuwa, wasu ko hoto na kwanan nan babu. Na huɗu, lokaci yana sauya mutum. A watan Oktoban 2019 'yan sandan Kano sun gano yara tara da aka sace daga unguwannin birnin aka sayar a Anambra. An sauya musu suna, wasu har Hausa ta kwance musu. Wannan labari yana nuna abu biyu: yadda yaro ke saurin ɓacewa ko da yana raye, da kuma cewa bayan shekaru ma ana iya dacewa.

Shi ya sa masu aikin cigiya ba sa rufe fayil. Ma'aikatan ICRC da na Red Cross ta Najeriya suna rubuta sunan wanda ya ɓata da kamanninsa da inda aka yi masa ganin ƙarshe, su bi sansanonin 'yan gudun hijira da ƙauyuka suna tambaya, su haɗa bayanai da takwarorinsu na Nijar da Chadi da Kamaru. Ba sa karɓar ko sisi. Hukumar NAPTIP, wadda aka kafa a 2003, ita ke da alhakin yaƙi da fataucin mutane. Ranar 30 ga Agustan kowace shekara kuma duniya ke tunawa da waɗanda suka ɓata.

Naka aikin

Tsaron makaranta nauyin gwamnati ne, ba na ɗalibi ba, kuma laifin sata yana kan ɓarawo, ba kan wanda aka sace ba. Duk da haka akwai abin da ke hannunka.

Kada ka fita ba wanda ya san inda za ka da lokacin da za ka dawo. Ka haddace lambar wayar mutum biyu na gidanku, don waya tana iya faɗuwa ko a ƙwace ta. Idan ka shiga Adaidaita Sahu ko motar haya kai kaɗai, ka tura wa wani lambarta. Ke kuma ɗaliba, duk wanda ya ce ki zo ku haɗu amma kada ki gaya wa kowa, wannan sharaɗin kaɗai ya isa ki gane ba alheri yake nufi ba. Duk wanda ya yi muku tayin aiki ko karatu a wani gari, ku kai maganar gaban iyaye ko malami kafin ku amsa.

Idan abokinka bai zo makaranta ba, kuma gida an ce ya fito, kada ka jira gobe. Ka gaya wa malamin aji nan take. Iyali su kai rahoto ofishin 'yan sanda mafi kusa a ranar, su sanar da mai unguwa, su ba da cigiya a masallaci ko coci da gidan rediyo, da hoto da bayanin kayan da ke jikinsa. Lambar kiran gaggawa ta ƙasa ita ce 112. Idan kuma ka san wani sirri nasa, kamar sabon aboki a waya ko tafiyar da yake shiryawa, ka faɗa. Gara ya dawo ya yi fushi da kai, da a ce ka riƙe amanar da ta hallaka shi.

Ku kula da abin da kuke turawa a WhatsApp. Hoton cigiya na shekarun baya da ake ta yaɗawa bayan an ga yaron yana rikita masu nema, jita-jita kuma tana ƙara wa iyaye ciwo. Ku tabbatar kafin ku tura.

Idan Allah ya sa wanda ya ɓata ya dawo ajinku, kada ku dame shi da tambaya, kada ku laƙaba masa suna, kada ku nuna shi da baki. Wasu daga cikin matan da suka kuɓuta daga hannun Boko Haram sun tarar da tsangwama a garuruwansu, ana kiran su matan Boko Haram, kamar su suka kai kansu. Ku matsa masa a benci, ku ara masa littafi ya kwafi darussan da suka wuce shi.

Gobe da safe idan malam ya kira suna aka ji shiru, ku waiwaya ku tambaya: ina yake? Allah ya bayyana waɗanda suka ɓata, ya sanyaya zukatan iyayensu, ya tsare mu baki ɗaya.