Bayan an cire ƙarin: masu komawa asibiti a Abbasiyya

Duk Bahaushen da ya yi karatu a Azhar ya san unguwar Abbasiyya ta Alƙahira, don a nan Madinatul Bu'us take, masaukin ɗalibai baƙi. Amma unguwar tana da wasu maziyartan da ba karatu ya kawo su ba. Da sassafe a ƙofar asibitin Demerdash na Jami'ar Ain Shams, akan ga mutane rungume da manyan ambulan na hotunan asibiti. Wasunsu garau suke, ko ciwon kai ba sa yi. An yi musu aikin ciwon dajin mafitsara bara ko bara waccan, yau kuma ranar dubawa ce ta zagayo.

Masar ta daɗe da sanin wannan cuta. A 1851, a asibitin Kasrul Aini da ke Alƙahira, likita Bajamushe Theodor Bilharz ya gano tsutsar tsargiya, wadda ke ratsa fatar mutum in ya shiga ruwa mai dodon-koɗin da ke ɗauke da ita. A 1911 wani likita mai suna Ferguson, a Alƙahirar dai, ya nuna alaƙarta da dajin mafitsara: ƙwayayen tsutsar ne ke maƙalewa a bangon mafitsara, su yi ta gurzar sa shekara da shekaru. A ƙauyukan bakin Nilu, kamar wasu ƙauyukanmu, an taɓa ɗaukar fitsarin jini a matsayin alamar yaro ya balaga. Daga shekarun 1980 maganin praziquantel ya karya lagon tsargiya a Masar, sai taba sigari ta gaje ta, wadda a duniya ita ce sanadin kusan rabin masu wannan ciwo.

Halin ciwon shi ne yawan dawowa. Inda ake zuwa asibiti da wuri, kusan uku cikin huɗu ana gano nasu tun bai kai tsokar mafitsara ba, sai a kankare ƙarin ta hanyar fitsari, ba a tsaga ciki ba. Sai dai yakan sake tohowa kamar ƙiri-ƙiri a gona, wani lokaci ba jini ba zafi.

Shi ya sa da an cika wata uku da aikin likita ke leƙa mafitsarar. Ana sa maganin kashe zafi, a zura siririn bututu mai fitila da kyamara, a cika mafitsara da ruwa, likita ya bi bangonta lungu-lungu yana kallon allo. Cikin 'yan mintuna an gama, mutum ya tafi da ƙafarsa, sai ɗan raɗaɗi wurin fitsari na kwana ɗaya ko biyu. Wanda nasa mai haɗari ne, duk wata uku ake duba shi har shekara biyu, sannan duk wata shida har shekara biyar, daga nan sau ɗaya a shekara iya rayuwarsa, ana haɗawa da gwajin fitsari da hoton ƙoda. Wasu ana ɗura musu BCG a mafitsara mako-mako har sau shida, rigakafin nan na tarin fuka da ke bar wa jarirai tabo a dantse.

Wanda aka cire wa mafitsarar ɗungurungum yakan rayu da jaka manne a ciki, ko a ɗinka masa sabuwa da hanjinsa. Damuwarsa ta farko sau da yawa alwala ce, kuma malaman fiƙihu sun daɗe da sauƙaƙa wa mai yoyon fitsari. Shi ma likita bai sallame shi ba, yana bin lafiyar ƙodarsa da bitamin B12.

Abin tausayin yana ga wanda ya taso daga Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, ya sayar da gona aka yi masa aiki a Masar. Ya dawo gida, dangi sun cika zaure: "Barka da arziki, Alhaji, Allah ya ƙara sauƙi." Aka jefa takardu a akwati, kowa ya ɗauka an gama. Alhali leƙawar nan ba sai an sake hawa jirgi ba. Akwai likitocin mafitsara a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Abin da za su nema shi ne rahoton gwajin tsokar da aka cire da bayanin aikin, don haka kada majinyaci ya baro Alƙahira sai ya karɓi duka biyun, tare da ranar dubawa ta gaba a rubuce. In kuwa jini ya bayyana a fitsari kafin ranar, ko da ɗigo ɗaya ne, a makon nan zai nufi asibiti.