Gogen Turawa Mai Aiki da Lantarki: Na Ɗaki da Na Dandamali

Gogen Turawa, wato bayolin, ya samu siffar da aka san shi da ita a arewacin Italiya cikin ƙarni na 16. A garin Kiremona ne Andrea Amati ya kafa gidan sassaƙarsa, a nan ne kuma Antonio Stradivari, wanda ya rasu a 1737, ya kai sana'ar matuƙa. Tsirkiya huɗu gare shi, kowacce ta bi ta kan wani siririn katako, wato jaki. Tsirkiya ita kaɗai ba ta da wata murya ta a zo a gani, domin siririya ce ainun, ba ta iya tura iska mai yawa. Jaki ne yake ɗaukar girgizarta ya miƙa wa akwatin katako mai rami a ciki, akwatin kuma ya motsa iskar da ke kai sauti kunne. Aikin da ƙwarya da fatar guza suke yi a gogenmu na gida ke nan.

Aikin akwatin nan uku ne. Yana ƙara wa sautin ƙarfi. Yana ba shi zaƙi da ɗumi, ta hanyar ɗaga wasu sassan sautin da danne wasu. Sannan yana tona asirin makaɗi, domin duk ɗan kuskuren da hannu ya yi wajen jan baka sai ya fito fili. Goge mai lantarki kuwa, a mafi yawan siffofinsa, an cire masa akwatin ne gaba ɗaya. Don haka wanda zai saya, tambayar da ke gabansa ita ce: wa zai karɓi waɗannan ayyuka uku, kuma wanne daga ciki ya fi bukata?

Neman ƙarin ƙarfi ne ya fara jawo canjin. A 1899 wani injiniya mazaunin Landan, Augustus Stroh, ya yi rajistar wani goge da ya maye akwatinsa da ƙahon ƙarfe, domin na'urorin naɗar sauti na wancan zamani ba sa jin gogen katako sosai. A shekarun 1930, lokacin da kiɗan jaz ya cika gidajen rawa a Amurka, mai goge ya rasa yadda zai yi da ƙarar kakaki da ganguna, sai makaɗa irin su Stuff Smith suka fara haɗa gogensu da amfilifaya. A daidai wannan lokaci kamfanin George Beauchamp, wanda aka fi sani da jita mai lantarki ta Rickenbacker, ya fito da goge maras akwati. Daga baya Bafaranshen nan Jean-Luc Ponty ya shigar da shi kiɗan zamani cikin shekarun 1970, a aikinsa da Frank Zappa da ƙungiyar Mahavishnu Orchestra. Duk waɗannan ƙara suke nema. Sai a 1997 kamfanin Yamaha na Japan ya juya al'amarin, ya fito da gogen da ya kira Silent Violin, wanda manufarsa ita ce kada maƙwabci ya ji. Ba abin mamaki ba ne da tunanin ya fito daga ƙasar da mutane da yawa ke zaune a ƙananan gidajen bene, bango ɗaya tsakaninsu da na kusa.

Daga nan kasuwa ta rabu biyu, ko da yake a ido kayan kusan iri ɗaya ne. Na atisaye yana da batir da ƴar na'urar sarrafa sauti a jikinsa, da ramin da ake soka abin sauraro na kunne. Sau da yawa yana da wani ramin na haɗa waya, domin mutum ya kunna waƙa ya bi ta. Na dandamali kuwa, da yawa ba su da ko batir, rami ɗaya tak gare su na igiyar da ke tafiya zuwa amfilifaya. Gogen YEV na Yamaha, wanda ya fito a 2016, da WAV na kamfanin NS Design, duk irin wannan ne. Wanda ya sayi ɗayansu da niyyar atisayen dare zai buɗe kwali ya tarar babu inda zai soka abin kunne, sai ya ƙara kuɗi ya sayi wata na'urar daban. Akasin haka ma yana faruwa, amma da sauƙi, tunda yawancin na atisaye suna da ramin fita zuwa lasifika.

Zuciyar kowannensu ita ce ƴar na'urar da ke ɗaukar girgiza ta mayar da ita sigina ta lantarki. Yawanci wani ɗan ƙyalle ne na sinadarin fiyezo, a cikin jaki ko a ƙarƙashinsa. Tun a 1880 ƴan'uwan nan biyu na Faransa, Pierre da Jacques Curie, suka gano cewa akwai duwatsun da idan aka matsa su sukan fitar da ɗan lantarki. Jaki yana matsa ƙyallen sau ɗaruruwa a daƙiƙa guda, ƙyallen kuma yana amsawa daidai da matsin. Akwai masu amfani da maganaɗisu kamar na jita, amma ba su da yawa, kuma sai da tsirkiyar ƙarfe suke aiki.

A nan ne mutane da yawa suke yanke wa goge mai kyau hukuncin zalunci. Siginar fiyezo raunanniya ce, ba ta jure a soka ta kai tsaye cikin kowace na'ura. Idan aka haɗa ta da mashigar da ba ta dace ba, ƙasan sautin sai ya zube, abin da ya rage ya fito siriri mai tsini, ya riƙa sukar kunne. Maganin shi ne ɗan akwatin ƙarfafa sigina da ake sawa tsakanin goge da amfilifaya, mai mashigar da juriyarta ta kai om miliyan ɗaya ko fiye. Gogen da ke da batir yana ɗauke da irin wannan a cikinsa, wanda ba shi da batir kuwa dole a nema masa. Haka kuma amfilifayar jitar lantarki an gina ta ne don ta kaifafa sauti, shi kuwa goge da kaifinsa ya zo. Amfilifayar da aka yi wa kayan kiɗan katako ta fi dacewa da shi. Saboda haka kuɗin gogen kansa wani kaso ne kawai na abin da za a kashe. A ganina, gara matsakaicin goge da kayan haɗi masu kyau da goge mai tsada a kan lasifikar da aka tsinta.

Game da shirun da ake tallatawa, ba shiru ne na gaske ba. Tsirkiya tana nan tana girgiza, izgar baka tana gogar ta, wanda yake zaune a ɗaki ɗaya da kai zai ji sarai. Abin da ke faruwa shi ne sautin ba ya ratsa bango. Bambancin duk da haka babba ne, domin gogen katako a ƙarƙashin kunnen hagu yakan haura dasibal 85, matakin da masana lafiyar ji ke gargaɗi a kansa idan an daɗe ana sauraro. Sai dai abin kunne ma yana iya yin irin wannan ɓarnar ga wanda ya ƙure masa murya. Kafin a kashe kuɗi kuma, ya kamata a san cewa akwai wani ɗan matsi na roba ko na ƙarfe da ake ɗorawa a kan jakin gogen katako, yana shaƙe sautin ƙwarai, kuma farashinsa bai taka kara ya karya ba. Wanda damuwarsa ita ce yaro mai barci a ɗakin kusa, wataƙila wannan ya ishe shi.

Aiki na uku, wato tona asiri, shi ne wanda babu na'urar da ta karɓe shi sosai. A gogen katako, idan kana son sauti ya ƙaru, sai ka ƙara wa baka nauyi da sauri, ka matso da shi kusa da jaki. Idan ka danne fiye da kima sautin ya shaƙe, idan ka sassauta ya yi fito. Da wannan amsa ta nan take hannun dama yake koyo, shekara da shekaru. A na lantarki kuwa maɓalli ne yake ba da ƙara, kuma amsa-kuwwar da aka cusa a abin kunne tana lulluɓe kaushin sauti har ɗalibi ya ɗauka ya iya. Ranar da ya ɗauki na katako sai ya ji muryarsa ba ta wuce ƙofa. Shi ya sa malamai da yawa suka fi son mafari ya fara da na katako, na lantarki ya zama na biyu. Hannun hagu bai cika cutuwa ba, domin tsawon tsirkiya ɗaya ne, kimanin santimita 33, kuma gurbin yatsu bai canza ba. Wanda ba shi da zaɓi sai na lantarki, to ya riƙa kashe amsa-kuwwar yana sauraron ɗanyen sautinsa, komai rashin daɗinsa.

A dandamali kuwa labari ya sha bamban. Gogen katako da aka sa wa makirufo, idan yana kusa da ganguna da manyan lasifikoki, akwatinsa yakan kama sautin da ke dawowa ya sake tura shi, sai lasifika ta ɓarke da kuka. Maras akwati ba shi da wannan matsala sai kaɗan. Yana kuma karɓar na'urorin canza murya da ake takawa da ƙafa, da masu naɗe jimla suna maimaita ta, har mutum ɗaya ya tara muryoyi kamar ƙungiya. Da yake babu akwatin da za a yi wa lissafi, ana iya ƙara tsirkiya. Ta biyar tana sauka zuwa kaurin muryar biyola, wasu har shida da bakwai suke da su, kamar Viper na Mark Wood, wanda ake ratayawa da ɗamara a jiki. A 2003 mai tsara kiɗan nan na Amurka John Adams ya rubuta The Dharma at Big Sur musamman don goge mai tsirkiya shida, Tracy Silverman ya kaɗa shi tare da cikakkiyar ƙungiyar makaɗa a Los Anjeles. Ƙarin tsirkiya yana da nasa haraji: suna matsowa kusa da juna, baka yakan taɓa wadda ba a nufa ba har sai hannu ya saba.

Sauran abubuwan dubawa na jiki ne, kuma hoto ba ya nuna su. Gogen katako bai cika kai rabin kilo ba, na lantarki da yawa sun fi haka, kuma inda nauyin ya taru ya fi yawansa muhimmanci. Idan batir da ƙarafa suna can wajen kai, bayan rabin awa wuya da kafaɗa za su faɗa maka. A duba ko matashin kafaɗa da mazaunin haɓa da mutum ya saba da su za su hau, domin wasu kamfanoni nasu kaɗai ke shiga. A duba ko akwai ɗan kafaɗar da hannun hagu yake tokara idan ya hau sama, tunda da ita makaɗi yake gane inda yake ba tare da ya kalla ba. A masu araha sosai, laifin ba a lantarkin yake yawan zama ba, a sassaƙa yake: jaki ya yi tsawo har yatsa ya sha wuya, ko maɗaurin tsirkiya ya riƙa zamewa. Ga wanda ke zaune inda hunturu ke busar da komai, akwai wani amfani da ba a cika ambata ba. Siririn katakon da aka liƙa da gam yakan tsage ko ya buɗe a gaɓa idan iska ta bushe, dunƙulallen jiki kuwa ya fi juriya, ko da yake wuyansa da jakinsa katako ne, su ma suna motsi. Idan an samu damar gwadawa kafin biya, a tafi da bakan da aka saba da shi, a sa abin kunne a ƙara murya ba tare da an kaɗa komai ba, a saurara ko akwai shuuu a ƙasa. Wannan ƙarar daga na'urar ciki take fitowa, kuma canza tsirkiya ba ya kawar da ita.